Kun Tambaya, Mun Amsa: Iyali da Ziyarar Lambun Tsirrai a Gombe

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun karkata ne ga fita da iyali zuwa lambun nazarin tsirrai, wato irin filin nan da jami'o'i da kwalejoji suke keɓewa domin tara itatuwa da ciyayi iri-iri. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Tudun Wada cikin garin Gombe. A Ƙaramar Sallar da ta wuce na matsa wa maigidana har ya yarda ya kai mu wani lambun tsirrai, domin malamar 'yata ta fari ta ce su je su ga itatuwan da ake koya musu a aji. Mun isa wajen ƙarfe ɗaya na rana, muka tarar da ciyawa a bushe, rabin itatuwan babu ganye, yara kuma suna ta tambayar ina lilo, ina biri. Ko awa guda ba mu yi ba muka juyo. A mota maigida ya ce kada in sake yi masa zancen lambu, wai icce dai icce ne, kuma idan itatuwa nake son gani ga su nan birjik a ƙauyensu kyauta. Shin kuskuren lokaci muka yi, ko kuwa dama wurin bai dace da iyali ba?

Amsa: Malama, watan da kuka zaɓa shi ne mafi wahala a shekara, sa'ar da kuka isa kuma ita ce mafi wahala a yini. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a watan Maris ko Afrilu, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gombe yakan kusanci digiri 40 idan rana ta take, kuma babu yaron da zai tsaya sauraron bayanin ganye alhali ƙasa tana gasa masa tafin ƙafa ta cikin takalmin Sallah. Da kun isa da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko kuwa bayan La'asar, da labarin ya sha bamban ko da a wannan watan ne. Bayan haka, yaran sun tafi ne da tsammanin abin da ba a tanada a wurin ba. Gidan namun daji daban, wurin wasan yara daban, lambun nazarin tsirrai kuma daban, domin shi tarin tsirrai ne masu rai da aka tattaro da gangan, aka san sunan kowanne da inda aka samo shi, aka rubuta aka adana saboda karatu da bincike da tsare irin da yake neman ɓacewa. A Turai an fara irinsa ne domin koya wa ɗaliban likitanci tsirran magani, kamar lambun Padua a Italiya wanda aka kafa a 1545 kuma har yau yana nan a mazauninsa na asali. Na Kew da ke Landan ya soma a 1759, na Aburi a Gana a 1890, na Limbe a Kamaru kuma a 1892. A ƙasar nan mafi yawansu suna hannun makarantu ne, shi ya sa ba za ki tarar da masu sayar da balan-balan a ƙofa ba, shi ya sa kuma ya kamata a tambayi ranakun da ake barin baƙi su shiga kafin a ɗebo yara daga gida.

Maganar maigidanki tana da rabin gaskiya, kuma bai kamata ki musa masa wannan rabin ba. Akwai itatuwa a ƙauye. Amma idan kin sami ransa a sanyaye, ki tambaye shi yaushe rabonsa da ganin madobiya tsaye a dajin garinsu, ko kiryar da ta yi kaurin da za a sassaƙa turmi da ita. Madobiya dai masu katako sun yi ta sare ta ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sanya ta a 2017 cikin jerin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kirya kuwa masu gawayi ne suka dame ta, saboda ƙarfin icenta da daɗewar garwashinta. Abin da ya rage a gonaki shi ne wanda manomi ya ga dalilin bari, kuma ko shi ɗin ma yaron da ya tashi a Tudun Wada zai wuce ta gindinsa sau goma bai san sunansa ba.

Shawarar da nake son ki riƙe ita ce wannan: bishiya ba ta nuna wa mutum halinta a rana ɗaya, don haka ku mayar da lambun wurin da ake komawa sau huɗu a shekara, a hunturu da bazara da damina da kaka. Kada ku yi ƙoƙarin zagaye shi duka. Ku zaɓi itatuwa uku kacal, kuma da ni za a bi, da kuka da gawo da ɗorawa za ku zaɓa, kowane yaro ya ɗauki ɗaya ta zama tasa, ƙaramin kuma ya yi tarayya da babbar yayarsa. Duk zuwan da kuka yi sai ku fara gaishe da waɗannan ukun kafin ku duba wani abu, ku ɗauki hotonsu da waya daga wuri ɗaya da kuka tsaya a baya, babbar kuma ta rubuta kwanan wata da abin da ta gani a ɗan littafin rubutu da aka ware domin wannan aiki.

A hunturu, wanda ya dace da hutun makaranta na Disamba, ku bari sai hantsi ya ɗaga sanyi ya saki. Za ku tarar da kuka tsirara, babu ganye ko ɗaya, sai 'ya'yanta suna reto a jikin dogayen igiyoyi, alhali gawo yana tsaye kusa da ita kore shar kamar sauran itatuwa a tsakiyar Agusta. Wannan saɓanin shi kaɗai ya isa darasin yini guda. Kuka tana zubar da ganye ne domin ta rage asarar ruwan da ta tara a cikin jikinta mai taushi, shi kuwa gawo saiwarsa ce take nitsawa can ƙasa ta cimma ruwan da sauran itatuwa ba sa kaiwa gare shi. Idan lambun yana da gurjiya, a wannan lokacin ne take fitar da jajayen furanni masu kauri a kan rassan da babu ganye, su riƙa faɗowa ƙasa kamar ƙananan kofuna, kuma ban taɓa ganin yaron da ya wuce su bai sunkuya ya tsinta ba. Mangwaro ma yana huda a lokacin, ƙudan zuma suna ta kai da komo a kansa.

Bazarar da kika ga kamar babu komai a cikinta ita ce ta fi kowane lokaci abin kallo, idan an zo da sassafe kuma an ɗaga kai sama. Tun daga Fabrairu zuwa Maris ɗorawa take sako tutu, wato jajayen ƙwallayen furen nan da suke rataye a dogon sili. Na taɓa tsayawa a gindin wata da jikata 'yar shekara shida, na ɗauko mata tutu guda da ya faɗo cikin dare, ta matsa shi a tafin hannu, wani ruwa mai danƙo ya fito, ta lasa ta ce zuma ce. Na gaya mata cewa jemagu ne suke zuwa shan wannan ruwan da daddare, kuma a garin sha suke kwasar garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan har a sami 'ya'ya. Da muka koma bayan wata biyu, sai ga dogayen kwasfa sun maye gurbin tutun, mai kula da wurin ya ɓare mata ɗaya, ta fito da baki rawaya fal da garin ɗorawa, ni kuma na nuna mata kalwar da ke ciki na ce da ita ake daddawar da kakarta take jefawa a miya. Tun daga ranar ba ta sake toshe hanci don warin daddawa ba. A wannan lokacin ne kuma rimi yake fasa ƙwansonsa audugarsa ta bi iska, marga ta sauko da zarori na fure rawaya, itatuwa da dama kuma su soma tofo, sabon ganye ja-ja mai sheƙi, tun ruwan farko bai sauka ba, abin da manomi yake gani ya san lokacin sharar gona ya yi.

Da damina sai al'amarin ya juye. Kuka ta cika da ganye, ta sako manyan fararen furanni waɗanda suke buɗewa da magariba su yanƙwane washegari, gawo kuma ya kakkaɓe nasa ganyen ya tsaya fari fat kamar busasshe, abin da ya sa ake yi masa kirari da cewa ya ƙi ruwan Allah. Saboda wannan hali ne manomi ba ya sare shi a gona, domin ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da gero yake buƙatar rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, ga kashin dabbobin da suka sha inuwarsa suka ci 'ya'yansa da rani. Kaɗanya ma a farkon damina take nuna. Ku kauce wa tsakiyar Agusta idan marka ta kama, ku zaɓi safiyar da gari ya washe. Da kaka kuwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa ce take da magana, gamba ta fi mutum tsawo, ƙarangiya tana maƙale wa yara a safa, kuma lokaci ne mai kyau na nuna musu dabarun da tsirrai suke bi su yaɗa irinsu, wani ta iska, wani ta jikin dabba, wani ta cikin tsuntsu.

Saura batun maigida. Kada ki ce masa zai je ya koyi wani abu, ki ce masa yara ne suke son ya nuna musu itatuwan da ya hau yana yaro. Mutumin da ya ce itatuwa suna nan birjik a ƙauyensu ya san su ke nan, kuma na sha ganin magidancin da aka jawo da ƙyar ya zama shi ne ake roƙo a tafi gida, ya tsaya a gindin kanya yana ba da labarin ranar da reshe ya karye da shi. Ki soya waina tun da safe, ki ƙulla zoɓo ko kunun aya, ki ɗauki tabarma da ledar da za ku kwaso sharar ku, sai ya zama kuɗin mai ko na keke napep ne kawai zai fita daga aljihunsa.

Tambaya: Malam, ni magidanci ne a Bolari. Na kai iyalina lambun tsirrai tare da mahaifiyata wadda ta haura shekara saba'in. Kafin in ankara Hajiya ta zaro 'yar wuƙa daga jakarta tana ɓantarar ɓawon maɗaci, ta kuma soma cika leda da ganyen marke. Mai gadi ya zo ya hana ta, ita kuwa ta ce icen Allah ne, tun ba a haife shi ba take sassaƙar maɗaci. Na ji kunya ƙwarai, kuma ba zan iya tsawata wa uwa a gaban jikokinta ba. Uwargidana ta ce nan gaba mu riƙa barin ta a gida. Mene ne abin yi?

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, kuma kada ka kuskura ka bar ta a gida, domin duk cikin motarka babu wanda ya kai ta cancantar shiga wannan lambu. Ɗan allon da aka kafa a gindin bishiya suna kawai zai gaya maka. Hajiya ce za ta gaya wa jikokinta cewa da bagaruwa ake jima, da kabar goriba ake saƙa tabarma, daga ƙwallon giginya muruci yake fitowa, da kwasfar ɗorawa ake makubar da ake yayyafa wa daɓe, kuma da ganyen magarya ake wankan gawa. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, kuma daga bakin mutane irin su Hajiya ya samo su. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka kunna wayarka ka naɗi muryarta tana bayani a gindin kowace bishiya, domin irin wannan sani ba a gadonsa sai an zauna an saurara.

Amma mai gadin yana da gaskiya, kuma aikinsa ya yi. A ƙarƙashin ɓawon bishiya akwai wani siririn sashe wanda ta cikinsa abincin da ganye ya sarrafa yake gangarowa zuwa saiwa. Idan aka ɓantari gefe guda bishiya takan warke a hankali, ko da yake raunin ƙofa ce ga gara da ruɓa. Idan kuwa sassaƙar ta zagaye gindin ta haɗe, saiwa za ta rasa abinci, bishiyar kuma ta mutu a tsaye ko da ta shekara ɗari. Hajiya za ta ce ɗan kaɗan ta ɗiba, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai ba ita kaɗai ce mai wuƙa a jaka ba. Duk wanda ya lura da maɗatan da ke bakin tsofaffin hanyoyinmu ya ga yadda aka feɗe su daga ƙasa har iyakar inda hannu yake kaiwa. A lambu kuma wata bishiyar ita kaɗai ce irinta a wurin, wataƙila ma akwai ɗalibin da yake auna girmanta wata-wata domin kammala karatunsa.

Yadda za ka faɗa mata ba tare da ka ɓata mata rai ba, ka yi maganar a gida, ku biyu, kafin ranar fita, kuma ka bi ta hanyar da ta sani. Ka ce mata, "Hajiya, wancan wurin rumbun iri ne." Duk macen da ta tashi a gidan noma ta san cewa damin da aka ware domin iri ba a surfa shi ko ana yunwa. Idan akwai ganyen da take buƙata, ku nemi ma'aikatan wurin cikin girmamawa, domin sau da yawa sukan yi sassabe kuma ba sa ƙin bayar da abin da aka riga aka sare, wani lokacin ma su nuna muku inda za ku sayi dashe ku kai gida. Wanda kuma ya ga tsohuwa ta san sunan kowane tsiro yakan saki fuska da wuri. Abu ɗaya da zan ƙara shi ne, sanin Hajiya na magani abin girmamawa ne, amma idan jika ƙarami ya kwana da zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa tukuna kafin a jiƙa masa ɗaci.

Tambaya: Malam, yarana biyu ne, ɗan shekara uku da 'yar shekara biyar, kuma duk abin da suka tsinta baki suke kaiwa. Ina jin tsoron maciji da 'ya'yan itatuwa masu guba. Daga wata uwa a Pantami.

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma rigakafi ya fi magani. Dokar farko da za ki kafa musu tun daga gida ita ce babu abin da zai shiga baki sai an nuna wa Mama. Wanda na fi jin tsoro a kan yara shi ne idon zakara, 'yan ƙananan ƙwayoyin nan ja masu ɗigon baƙi da suke kama da dutsen ado, domin gubar da ke cikinsu tana iya kisa idan aka tauna. Sai 'ya'yan cini-da-zugu, waɗanda yara suke ɗauka gyaɗa ce saboda ba su da ɗaci, su jawo amai da gudawa mai tsanani, haka ma ƙwayar zurma da 'ya'yan zaƙami. Farin ruwan tumfafiya kuma yana yi wa ido lahani, don haka idan ya taɓa ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a nufi asibiti. Idan yaro ya haɗiyi wani abu, ki tafi da ragowar abin a hannu domin likita ya gani, kada ki tsaya ɗura masa manja. Akwai kuma ƙarara, wadda ba ta kisa amma tana sa babba ya manta da girmansa. Ni kaina na taɓa jingina da wata bishiya da kaka ina yi wa ɗalibai bayani, ban lura da kwasfarta mai gashi da ta naɗe reshen ba, kuma darasin ranar a nan ya ƙare.

Maciji ya fi yawo da damina da kaka, lokacin da ciyawa ta yi duhu. Ki sa musu takalmi rufaffe, ku bi hanyar da aka share, kada a tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin busasshen ganye. Jiharmu ta san kububuwa sarai, shi ya sa ma ake da asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron a kai shi asibiti ba tare da tsayawa neman macijin ba. Da wannan kiyayewar, lambun da ake sharewa bai fi bayan gidajenmu haɗari ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin sakandare ne a Kumo. Don me ake rubuta wa itatuwanmu sunaye masu wuyar faɗa a allo, alhali suna da sunayensu na Hausa?

Amsa: Ɗana, ka ɗauki bishiyar nan mai ɗaci da ke ƙofar kusan kowane gida. Wani ya ce darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi, duk a cikin Hausa, ba a ma zo ga Fulatanci da Tangale da Tera ba, balle Indiya inda asalinta yake. Domin kauce wa irin wannan ruɗani masana suka amince da suna guda mai kalma biyu na Latin ga kowane tsiro, tsarin da wani masani ɗan Suwidin mai suna Linnaeus ya daidaita a 1753. Kalmar farko ta dangi ce, ta biyu kuma ta tsiron kansa. Idan ka san labarin da ke bayansu sai su daina ba ka tsoro. Kuka ita ce Adansonia digitata, an sa mata sunan Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal, kalma ta biyu kuma tana nufin mai yatsu, sai ka ɗauki ganyen kuka ka dubi tafin hannunka. Ɗorawa ita ce Parkia biglobosa, daga sunan Mungo Park wanda ya mutu a Bussa a kan kogin Kwara. Tsamiya kuwa Tamarindus indica ce, daga Larabci tamar hindi, wato dabinon Indiya, ko da yake Afirka ce mahaifarta. Ni dai ra'ayina shi ne allon da babu sunan Hausa da na Fulatanci a kansa a lambun da ke Gombe bai cika ba, kuma idan ka je kana iya faɗa wa masu wurin haka cikin ladabi.

Tambaya: Malam, muna zaune a Bajoga, kuma ba ni da halin ɗaukar iyali zuwa Gombe sau huɗu a shekara. Ko akwai abin da zan yi a nan gida?

Amsa: Malam, akwai, kuma wataƙila naka ya fi na mutanen birni armashi. Idan hali ya samu sau ɗaya, akwai Kwalejin Tarayya ta koyon aikin lambu a Dadin Kowa, akwai gandun dajin Kanawa a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, ga kuma Yankari a jihar Bauchi, inda mutane suke tafiya domin giwaye da ruwan ɗumi na Wikki su manta cewa dajin kansa abin kallo ne. Amma abin da na faɗa wa mai tambaya ta farko ba ya buƙatar shinge ko ƙofa. Ka zaɓi itatuwa uku a tsakanin gidanka da makarantar yara ko hanyar gona, ku riƙa tsayawa a gindinsu ranar Juma'ar farko ta kowane wata bayan an sauko daga masallaci, yara su rubuta abin da ya canza.

Sa'an nan ka dasa naka. Ya tabbata a hadisi cewa Musulmin da ya dasa bishiya, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta sadaka ce a gare shi. Jihar Gombe tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka ya shafa, kuma tun 2019 gwamnatin jiha take gudanar da nata shirin dashen itatuwa, saboda haka ka riƙa sauraron sanarwar rabon dashe idan damina ta kama. A cikin gida zogale da gwanda da gwaiba da lemun tsami sun wadatar, kuma ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu mai yawa ya ishe su da rani. Kada ka dasa rimi ko cediya ko durumi kusa da katanga ko ramin bayan gida, domin saiwarsu tana tsaga gini. Lokacin dashe shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, idan ruwa ya zauna sosai, domin dashen ya kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. Ƙwallon kuka yana da taurin ɓawo, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana ko an ɗan kankare gefensa kafin ya tsiro da wuri, kuma idan kana tsinke kansa zai tsaya gajere ya riƙa ba uwargida ɗanyen ganyen miya. Ƙwallon kaɗanya kuwa sabo ake shuka shi cikin 'yan kwanaki da faɗowarsa, domin idan ya bushe ya mutu, kuma takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, don haka a gona ya kamata a sa ta. Kowane yaro a ba shi dashensa da gwangwanin ban ruwansa. Tun kafin ka haƙa rami kuma ka tanadi ƙayar da za ka kewaye shi da ita, ko tsohon kwando marar gindi, domin akuyar maƙwabci ba ta buƙatar fiye da minti biyu.